Hannun da Ke Riƙe Kwano

Kowa ya san aikin hannun dama a wajen cin tuwo. Shi ke yanko loma, ya mulmula, ya dangwalo miya, ya kai baki. Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne hannun hagu, shi ma ba na kowa ba, na ƙaramin cikin masu ci. A gidajen Rano da ƙauyukanta irin su Rurum da Saji, da na Kibiya har su Tarai da Durba, in aka ajiye kwano a tsakiyar tabarma mutum huɗu ko biyar suka kewaye shi, za ka ga yaro guda ya miƙa hagunsa ya dafe bakin kwanon. Ba wanda ya ce masa ya yi. In kuwa ya manta, harara ɗaya daga yayansa ta isa. Tuwon dawa yana da tauri, balle in ya sha iska. Babba in ya sa yatsu zai yanka, kwanon na iya zamewa ko ya juya, miya ta gangara gefen wani. Wannan ɗan hannun shi ke tsayar da shi. Yaron yana ci da dama, yana aiki da hagu, kansa a sunkuye, idonsa a kan abin da ke gabansa.

Ladan aikin a ƙarshe yake zuwa. Babba ne ke fara sa hannu, shi ne kuma ke fara tsamewa. Ya lashe yatsunsa, ya yi hamdala, ya ja da baya. Mai bi masa ya ƙara loma biyu, shi ma ya janye. A haka a haka har kwano ya rage daga shi sai mai riƙonsa. Abin da ya saura shi ne suɗi, kuma halaliyar yaron ce. Dattijon da ya san ya kamata ba ya tashi sai ya tabbata ya bar abin da za a kira suɗi, ko da cikinsa bai gama cika ba. Wani ma, in akwai nama, sai ya ture ɗan guntu da yatsa zuwa gaban yaron, fuskarsa na kallon wani wuri kamar ba shi ya yi ba. Yaron ba zai yi godiya da baki ba, don ba a surutu a kan abinci. Ya dai jefa a baki, ya side kwano, ya ɗauka ya kai cikin gida. Mutanen Rano, da ake yi wa sarkinsu kirari da Autan Bawo, ai bai kamata a koya musu cewa auta ba ya rasa rabonsa ba, sai dai ya yi jira.

Tsakanin sa hannu da tsame shi akwai dokoki da dama, kuma da wuya a sami yaron da bai sha ranƙwashi a kan ɗayansu ba. Kowa gabansa zai ci. Kowane mai ci yana sassaƙar ɓangaren malmalar da ke fuskantarsa, yana shiga ciki sannu a hankali, har a bar 'yar siririyar katanga tsakaninsa da na kusa da shi. Rushe wannan katanga rashin kunya ne. Akwai yara masu wayo da kan yi rami ta ƙasa su ƙwaƙulo tuwon maƙwabci, sama na nan lafiya lau har sai ta rufta, kuma ranar da aka kama su da rabin ciki suke kwana. Ba a kai loma ta biyu kafin ta farko ta wuce. Ba a mai da abin da ya taɓa baki cikin miya. Ba a yarfe hannu a cikin kwano. Ba a bin lomar wani da ido tun daga kwano har bakinsa, wannan kwaɗayi ne ko da mutum bai ce uffan ba. Nama kuwa, in Allah ya kawo shi, a tsakiya yake zama kowa ya yi kamar bai gan shi ba, sai babba ya ɗauka ya gutsuttsura ya raba.

Da yawa cikin waɗannan daga makarantar zaure suka fito. Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda almajiran ilimi a ƙasar Kano suka daɗe suna karantawa a gaban malamansu, tana da babi a kan ci da sha, kuma a ciki akwai batun cin abin da ke gabanka, da jinkirta loma har wadda ke baki ta wuce, da hana yin numfashi a cikin abin sha. Ɗan Islamiyya ma ya san labarin Umar ɗan Abu Salama, yaron da ya tashi a hannun Manzon Allah (SAW), wanda hannunsa ke yawo a cikin akushi har aka koya masa ambaton sunan Allah da ci da dama da tsayawa a gabansa. Sunna ce ta ce a side kwano. Al'adar gida kuma ita ta zaɓi wanda zai side, ta ba ƙarami.

In ka ɗauki dokokin nan ɗaya bayan ɗaya ka juya su, za ka tarar kusan dukkansu abu guda suke tsaro, wato rabon wanda bai kai ka ƙarfi ba. Hannun babba ya fi faɗi, lomarsa ta ninka ta yaro, kuma ya fi jure zafi. Da za a bar kowa da ƙarfinsa, kafin ɗan shekara bakwai ya iya taɓa tuwon don turiri an ga gindin kwano. Abincin nan an yi awonsa tun da safe, maigida ya fitar daga rumbu da tiya, ba ƙari a tukunya. Ladabin ci shi ne yadda ake raba shi ya kai ga kowa ba tare da an ce wa wani "ya isa haka" ba.

Inda wannan lissafi ya fi fitowa fili shi ne ciyayya. Bayan sallar magariba, wasu unguwannin sai bayan isha'i, yara kan fito daga gidaje da kwanuka a ka, an rufe da faifai ko murfi, su nufi zaure ɗaya, ko dakalin ƙofar gidan wani dattijo, ko gefen masallaci. Magidantan layin su taru, su biyar, su takwas. Ba mai jan kwanon gidansa gabansa. A jera su, a buɗe ɗaya kowa ya sa hannu, in an yi nisa a ture a jawo na gaba. Mai tuwon masara da kuka ya ɗanɗana na shinkafa da taushe, mai taushen ya ci kukar.

Yanzu ka dubi abin da ke faruwa a watan Agusta, tsakiyar marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, 'yan kuɗin da ke hannu sun tafi wajen taki. A irin wannan lokaci akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba, ko an ɗora amma abin da aka samu bai wuce na yara ba, ɗan kwaɗon rama ne ko tafasa. Maigidan zai fito kamar kullum, ya yi salla, ya zauna inda ya saba zama. Kwano bakwai ne suka fito maimakon takwas. Kowa ya ƙirga a zuci, ba wanda zai tambaya. Mutumin ya ci ya ƙoshi cikin mutuncinsa, ya sa baki a hirar farashin taki kamar kowa. In abin ya kai kwana biyu uku, wani cikin dattawan zai sa mai ɗakinsa ta shiga gidan da daddare, da sunan gaisuwa, da 'yar dawa a ƙarƙashin mayafi. Ni dai ban ga tsarin tallafin da ya kai wannan rufin asiri ba. Ba bin layi, ba rubuta suna, ba ɗaukar hoton mutum riƙe da buhu.

Matan da suka yi girkin ba sa wurin, amma sakamako na iske su har ɗaki. Kwanon da ya dawo an side shi tas, mai shi ta san miyarta ta yi. Wanda ya dawo kusan yadda ya fita, daren nan akwai ɓacin rai, balle a gidan da kishiyoyi ke karɓa-karɓar girki, kowace tana leƙen kwanon 'yar'uwarta. Shi ya sa dattijon kirki kan sa ido, kowane kwano sai an taɓa shi, ko miyar ta tsinke ko gishiri ya zarce. Ba a kushe abinci a bainar jama'a, don kushe miyar mutum a gabansa ya yi kusa da kushe iyalinsa. Yabon ma yana da iyaka. Wanda daɗi ya kwasa ya fara zuba, yana tambayar wai daddawar nan ta wane gari ce, ko ya ɗauko labarin da ba kai ba gindi, sai a kwashe da dariya a ce santi yake. Abokan wasa su ne gwanayen farautar santi. Mutum ya ce, "Kai, bana damina ta yi albarka," da loma a bakinsa, sai ka ji taubashinsa ya ce, "Malam, a dai ci a hankali, kada kunne ya tsinke." Daga ranar kuma sai ya yi mako ana tuna masa. Wasa ne, amma shi ke koya wa mutum ya kame bakinsa, kada ya nuna zalama, kada kuma ya fifita girkin wani gida a kan na wani a gaban mazajensu.

Abin da ya ragu ba duka yake komawa ciki ba. Almajiran unguwa sun san lokacin, suna tsaye daga nesa da robobinsu, ba sa matsowa sai an yafito su.

Fura ma da nata tsarin, sai dai ya fi sauƙi. Ranar gayya a gona, in rana ta take, a kawo ƙwarya guda da ludayi ɗaya ko biyu, a zauna a inuwa. Ka sha ludayi biyu ko uku ka miƙa wa na kusa. Kada ka nutsa ludayi ƙasa kana farautar gudaji, ka bar wa na baya tsararo. Wanda ya riƙe ludayi ya tsaya ba da labari kuwa, ba a jiran ya gama. "Baffa, ludayin fa?"

Baƙo dokarsa daban. Ruwa ake fara kawo masa tun gaisuwa ba ta ƙare ba, sai fura ko kunu. In abinci ya sauka, a kai masa inda aka sauke shi, a ajiye da buta da kwanon sha, maigida ya ce, "Bismillah, bari in ɗan leƙa ciki," ya fice. Ba abin da zai yi a cikin gidan. Wuri ya ba baƙonsa don ya ci ba ido a kansa. Baƙon shi ma ya san nasa: ya ci, ya rage, ya rufe. In ya cinye tas, kamar ya ce an ba shi kaɗan ne, ga shi kuma ya hana yaran gidan da ke leƙe ta jikin zana rabonsu. In bai taɓa ba, ya raina gidan, ko kuwa yana zargin wani abu, wanda ya fi muni.

Akwai mutanen da suka ɗauko girmama baƙo ta ɗaya ɓangaren. A ƙasar Sabiya, can kudu maso gabashin Turai, gidajen Kiristocin Otodoks kowanne yana da ranar waliyyin da iyali suka gada daga uba, bikin da suke kira Slava, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da take karewa a 2014. A wannan rana, bisa al'adarsu, maigida ba ya zama. A tsaye yake yana zagaya teburi, yana ƙara wa baƙi abinci da abin sha. Mai shigowa akan tare shi da cokali guda na dafaffiyar alkama mai zaƙi, in kuma suka ɗaga kofi don gaisuwa, sai ka dubi cikin idon mutum, kawar da kai rashin ladabi ne. Nasu maigidan yana tsaye a kanka don kada farantinka ya bushe, namu ya fice don kada kunya ta hana ka ci. Da za a zaunar da dattijon Kibiya a irin wannan teburi, mai masauki na tsaye a kansa yana kallon ƙwayar idonsa, ina jin loma uku zai yi ya ce alhamdulillahi. Shi kuma mutumin Sabiya, a bar shi shi kaɗai da kwano a zaure, zai yi ta tunanin laifin da ya yi wa masu gida.

Kunyar nan tana da matakai. Ango ba ya cin abinci a gaban surukinsa. A kawo, ya rantse ya ƙoshi, abokin da ya rako shi ya nannaɗe hannun riga ya yi aikin mutum biyu. Fulanin rugagen da ke kewaye sun fi mu nisa a nan, har Bahaushe in ya ga mutum na noƙewa a kan abinci sai ya ce ya daina fulako. Sai kuma tayi. Ba a ci a gaban mutum ba a ce masa bismillah ba, ko gyaɗa ce ko rake a cikin motar Rano zuwa Kano. Amma tayin farko gaisuwa ce, amsarsa "Alhamdulillahi, a ci lafiya." Sai in mai abinci ya sake, ya kuma gusa ya buɗe maka wuri a tabarma, to da gaske yake, ƙin zama kuma ya zama wulaƙanci. Wanda bai san bambancin ba, ya wanke hannu tun a tayin farko, ba wanda zai hana shi ci. Labarinsa ne kawai zai riga shi isa gida.

Ba duk abin da ke cikin tsarin nan ne abin yabo ba. Kwanon maigida ake fara zubawa, tsoka can take tafiya, man shanu ma can. Matar da ta yini a gindin murhu sau da yawa ita ce ta ƙarshen ci, a tsugune a bakin madafa, wani lokaci ƙanzo ne rabonta, ko da tana da juna biyu ko goyo. Dokar da ta tsare wa yaro rabonsa a kwanon maza ba ta shiga ta tsare wa uwarsa nata ba. Haka yaron da aka yaye, ɗan shekara biyu, in aka haɗa shi kwano ɗaya da 'yan shekara takwas ba babba a wurin. Yara ba sa bar wa juna suɗi. Kafin ya gama wasa da lomar farko an tashi, uwa kuma ta ga kwano wayam ta ɗauka kowa ya ƙoshi. Ma'aikatan lafiya da ke auna damtsen yara a asibitocin karkara sukan ce a ware wa ƙaramin yaro kwanonsa, a zauna a kansa har ya ci. Gaskiyarsu. Sai ruwan wanke hannu. A gidajen da ake kawo shi a kwano ɗaya, babba ya fara tsomawa, a bi da bi, ƙarami ya ƙare da ruwan da ya riga ya sauya launi. Girmamawa ce, amma da damina, lokacin amai da gudawa, girmamawa ce mai tsada, kuma wanda ya fi rauni shi ke biya.

Sauyin da ake gani yau ta gona ya fara shigowa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, 'yar'uwar Rano da Kibiya a masarauta guda, noman rani ya kankama, shinkafa da tumatir suka yawaita. Shinkafar da a da sai Salla ko biki ta zama abincin rana. Tuwo yana zama inda aka ajiye shi, kowa na ganin iyakarsa. Shinkafa da wake da mai da yaji kuwa a warwatse take, ba ta riƙe katanga, kuma ita ta buɗe wa cokali da faranti ƙofa, taliya ta biyo baya. Akushin itace ya koma ɗakin tsofaffi, langa da samira suka karɓe shi, su ma roba da kula suka ture su. Matasa da yawa yanzu in an idar da isha'i teburin mai shayi suke nufa ko gidan kallon ƙwallo, kowa da kofinsa da biredinsa, kowa ya biya nasa. Ciyayya ba ta mutu ba. Tana nan a tsofaffin unguwanni da ƙauyuka, tana kuma farfaɗowa duk watan azumi a ƙofar masallaci, inda kunu da ƙosai ke fitowa daga gidaje daban-daban. Amma in ka dubi masu zamanta, furfura ta fi yawa.

Wurin da na fi jin sauyin shi ne walima da suna. Yanzu robar tekawe ake rabawa, da ruwan leda da lemo, an ƙulle a leda ɗaya. Tana da amfaninta, ba musu. Ta fi tsafta, kowa ya sami yankan namansa ba sai ya jira babba ya raba ba, wanda kuma ya ga dama ya kai wa iyalinsa, wanda a da matan gida sai dai su ji labari. Matsalarta ita ce a ƙirge take. In an yi ɗari biyu, mutum na ɗari biyu da ɗaya zai koma hannu rabbana a gaban kowa, alhali wani ya karɓi biyu ya tura ɗaya ƙarƙashin babbar riga. Babban farantin da mutum biyar suka kewaye kuwa, in na shida ya zo gusawa ake yi, kowa ya rage girman lomarsa ba tare da an ce masa ba. Kuma wanda ke rasa roba a taro ba mai babbar riga ba ne. Makaho ne da ɗan jagoransa, da almajiri, da baƙon da ya zo wucewa ya tsaya yin addu'a, da maƙwabcin da kunya ta hana shi kutsawa cikin turmutsutsu.

Don haka mai shirin walima a Rano ko Kibiya, ka yi robobinka yadda zamani ya kawo, amma ka ware manyan farantai ko da biyar ne a gefe, a shimfiɗa tabarma, saboda waɗanda ba a yi lissafi da su ba. A kuma kawo buta da sabulu a zuba wa kowa a hannunsa, a daina haɗa ruwan wanke hannu a kwano ɗaya.